Shekarun da Shan Kashi Ya Zama Jari

Ranar 6 ga Janairun 2018, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, mutum wajen dubu uku suka fito a birnin Cleveland na Amurka suka yi jerin gwano suna zagaya filin wasan ƙungiyarsu. Ga motoci an yi musu ado, ga alluna ɗauke da habaici, wasu kuma sun kifa jakar takarda a ka wai don kada a gane su. Abin da ya tara su shi ne ƙungiyar tasu, Cleveland Browns, ta buga wasa 16 a kakar 2017, an doke ta a duka 16. A kakar da ta gabata ma wasa ɗaya tak ta ci. Sai magoya baya suka ga tun da kuka ya ƙare, bari su mayar da abin dariya.

Wanda ya tashi da kallon Firimiya a gidan kallo zai ɗauka ƙarshen labarin ke nan: ƙungiya ta faɗa rukunin 'yan dagaji, kuɗin talabijin ya tsinke, manyan 'yan wasa sun watse. To ƙwallon ƙafar Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga, ba haka take ba. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar NFL, babu mai hawa, babu mai sauka. Kuɗin talabijin da sauran kuɗin shiga na bai-ɗaya daidai ake raba su, na ɗaya da na ƙarshe kowa ya ɗauki kaso guda, kuma kason kakar 2022 kaɗai ya haura dala miliyan 370 ga kowace ƙungiya. Abin da ya fi haka ɗaure kai, duk shekara idan aka zo rabon matasan 'yan wasa da suka fito daga jami'o'i, wadda ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓe. Saboda haka bayan wannan abin kunya, Browns ce ta fara ɗaga hannu a watan Afrilu, shekara ta biyu a jere.

Asalin tsarin tausayi ne. A shekarun 1930 gasar ba ta da ƙarfi, ƙungiyoyi tara ne kawai, kuma masu hali irin su Chicago Bears da New York Giants su ke kwashe duk wani yaro mai tashe, domin su ke iya biya, su ke cika fili. Bert Bell, mai ƙungiyar Philadelphia Eagles, ya gaji da zama ɗan kallo a kasuwar, sai ya shawo kan sauran cewa idan ƙananan suka mutu, manyan ma ba su da abokin karawa. Aka yi zaman farko ranar 8 ga Fabrairun 1936 a wani otal a Philadelphia, kuma Eagles ɗin ce ta fara zaɓe, tun da wasa biyu ta ci a kakar 1935. Ta ɗauki Jay Berwanger na Jami'ar Chicago, gwarzon 'yan wasan jami'o'i na shekarar. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar ba. Ba a daidaita da shi kan albashi ba, ya tafi harkar sayar da roba. A wancan zamani darajar zaɓin farko ke nan, ba abin da mai hankali zai zubar da mutuncinsa a kai ba ne.

'Yan ƙwallon kwando ne suka fara nuna wa duniya inda tsarin ke yoyo. A kakar 1983 zuwa 1984 Houston Rockets ta yi ta shan kashi a ƙarshen kaka ta hanyar da ta sa kowa zargi, har ta samu shiga jefa kwabo da Portland kan zaɓin farko, ta ci, ta ɗauki wani dogon saurayi haifaffen Legas, Hakeem Olajuwon. Shi ya kawo mata kofi a 1994 da 1995. Hukumar NBA ta ga in aka bar abin haka kowa zai kwaikwaya, sai ta shigo da ƙuri'a a 1985, yadda zuwa na ƙarshe ba ya ba ka tabbacin komai. NFL ba ta bi sahu ba, kuma har yau ba ta bi ba. Dalilinta shi ne wasan nata na karo ne da ƙarfi, wanda ya shiga fili da sanyin jiki motar asibiti ce za ta fitar da shi, don haka babu mai yarda ya yi sakaci da gangan. Wannan gaskiya ne game da 'yan wasa. Sai dai ba 'yan wasa ke shirya ƙungiya ba.

Abin da ya sauya lissafi yarjejeniyar 2011 ce tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa. Kafin ta, zaɓin farko kan zama kaya: Sam Bradford, wanda aka fara ɗauka a 2010, ya sa hannu kan kwantiragin dala miliyan 78, miliyan 50 daga ciki tabbas ne ko ya yi kyau ko bai yi ba, alhali bai taɓa taka filin ƙwararru ba. Shekara guda bayan nan aka ƙayyade albashin sababbi, Cam Newton ya karɓi miliyan 22 na shekara huɗu. Tun da akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashi, duk wadda ta samu kwatabak matashi mai araha, wato ɗan wasan da ke jefa ƙwallo kuma yake jan ragamar hari, ta samu rarar da za ta sayi ƙwararru ta kewaye shi da su. Daga nan zuwa na ƙarshe ya zama abin da ake zaunawa a ofis a yi wa lissafi.

A kakar 2011 ɗin nan aka yi ta jin magoya baya suna roƙon Allah a doke ƙungiyarsu, kowa na kwaɗayin kwatabak Andrew Luck na Jami'ar Stanford. Indianapolis Colts ce ta same shi, bayan tiyatar wuya ta kwantar da kwatabak ɗinta Peyton Manning kaka guda ta kuma ci wasa biyu kacal. Ban ɗora wa Colts laifin ganganci ba, rashin Manning ya isa ya durƙusar da kowa. Amma an kori koci Jim Caldwell, an sallami Manning, shi kuma Luck ya sha bugun da ya sa ya ajiye wasa a watan Agustan 2019 yana ɗan shekara 29. Daren da labarin ya fita, wasu daga cikin mutanen da suka yi addu'ar samun sa su suka raka shi da ihu yana fita daga fili.

Cleveland ce ta yi abin a fili ba ɓoye-ɓoye. A farkon 2016 mai ƙungiyar, Jimmy Haslam, ya damƙa ragamar ɗaukar 'yan wasa ga Sashi Brown, lauya da ya yi karatu a Harvard, ya kuma ɗauko Paul DePodesta, masanin lissafi daga duniyar wasan besbol. Babu wanda ya shiga ɗakin canza kaya ya ce wa yara su faɗi. Abin da aka yi ya fi haka wayo. Ƙwararru huɗu da kwantiraginsu ya ƙare, cikinsu har da Alex Mack da Mitchell Schwartz, aka bar su suka tafi. Zaɓi na biyu na 2016 aka sayar wa Eagles aka karɓi tarin zaɓuka na gaba. A watan Maris na 2017 ma suka yi wani ciniki da ba a saba gani ba: suka karɓi Brock Osweiler daga Houston da nauyin albashinsa na dala miliyan 16, ba don suna son sa ba, sai don zaɓi na zagaye na biyu da aka haɗa musu da shi. Kafin a fara kaka suka sallame shi. Wanda aka tura ya riƙe matsayin shi ne DeShone Kizer, yaro ɗan shekara 21 da bai gama nuna ba. Ya fara wasa 15, an doke shi a duka, abokan hamayya sun cafe ƙwallonsa sau 22. Da kaka ta ƙare aka miƙa shi Green Bay, bai sake samun gindin zama a gasar ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai cikin wannan ayari shi ne Joe Thomas. Aikinsa tare hanya, ya tsaya a gefen hagu ya hana ƙarti masu nauyin buhu biyu su kai ga kwatabak ɗinsa ta baya. Wasan karo-karo ake yin sa: a jeru, a gwabza na 'yan daƙiƙu, a tsaya, a sake jeruwa. Tun daga 2007 da aka ɗauke shi, Thomas bai tsallake karo ko ɗaya ba, har 10,363 a jere, da ciwon gwiwa da ciwon baya, a shekarun ƙarshe ko atisaye ba ya iya yi sosai sai dai ya tattala jikin don ranar Lahadi. Ranar 22 ga Oktoban 2017, a wasa da Tennessee, jijiyar damtsensa ta tsinke. Shekara goma sha ɗaya ya yi bai taɓa buga wasan sili-ɗaya-ƙwale ba, kuma shekara biyun ƙarshe da jikinsa ya ba shi an kashe su ne kan shirin da aka san ba zai ci moriyarsa ba. Emmanuel Ogbah, shi ma haifaffen Legas, yana cikin yaran da aka ɗauka a 2016, kuma da aka shirya jerin gwanon nan ya fito ya nuna ɓacin ransa, yana ganin izgili ne ga mutanen da suka zubar da gumi. Na fahimci magoya bayan, na kuma fahimce shi. Ɗan wasa a wannan gasa yawanci shekara uku da 'yan kai yake yi, kuma faifan wasansa shi ne takardar neman aikinsa. In aka ce masa ya yi haƙuri na shekara uku ana gini, an ce masa ne ya ba da rayuwar wasansa gaba ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sashi Brown bai ga ƙarshen kakar 2017 a kujerarsa ba. Koci Hue Jackson an kore shi a Oktoban 2018 da tarihin nasara 3, rashin nasara 36, canjaras 1, lambobin da za su bi sunansa duk inda ya je. Haslam yana nan.

Masu kare wannan dabara suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa mafi munin wuri a gasar shi ne tsakiya: ka ci takwas a doke ka takwas, ba ka kai ga kofi ba, ba ka kuma samu yaron da zai sauya maka ƙungiya ba, haka za ka yi ta jan ƙafa shekara goma. Suna cewa shugaban da ya ga haka ya ƙi ɗaukar mataki don tsoron surutu shi ne ya ci amanar magoya baya. Kuma Browns ɗin ta samu Myles Garrett, ɗaya daga cikin gwanayen masu tsaron baya na zamaninsa, ta kuma kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale a kakar 2020, karon farko tun 2002. Ba na musun cewa sayar da tsofaffi a ba yara dama halal ne, kowace ƙungiya a duniya tana yi. Inda na rabu da su shi ne lokacin da rashin nasarar kanta ta zama abin nema, har nasara ta koma ɓarna. Daga wannan gaɓa mai ƙungiya da ma'aikatansa sun daina neman abu ɗaya, kuma su ba a tambaye su ba. Kuɗin tikiti kuwa ban san wata ƙungiya da ta mayar wa mutane ba.

Kada a haɗa wannan da sayar da wasa irin wanda muka sani. Abin da Jamus ta Yamma da Ostiriya suka yi a Gijón ranar 25 ga Yunin 1982, da aka ci ƙwallo ɗaya a farkon wasa sannan suka koma gara ta a tsakaninsu har aka tashi don a fitar da Aljeriya, 'yan wasa ne suka yi shi da ƙafafunsu. Haka abin da ya faru a Bauchi a watan Yulin 2013, inda Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Bubayaro 67 da nema, aka kuma haramta wa waɗanda ke ciki ƙwallo har abada. Waɗancan ana iya nuna su da yatsa. Na Amurka ya fi wuyar kamawa, domin duk wanda ke cikin fili da gaske yake yi. An dai tabbatar tun watan Maris, lokacin cinikin 'yan wasa, cewa gaskensa ba zai isa ba.

Miami Dolphins ce ta kusa kai maganar inda za a kama ta. Ana gab da fara kakar 2019 ta sayar da Laremy Tunsil ga Houston, bayan wasa biyu ta sayar da Minkah Fitzpatrick ga Pittsburgh, dukansu matasa ne da ake gina ƙungiya a kansu. Baltimore ta lallasa ta da maki 59 da 10, New England ta bi da 43 da nema. Kowa ya san kwatabak Tua Tagovailoa na Jami'ar Alabama ake hange. Sai sabon koci Brian Flores ya ɓata lissafi. Bayan shan kashi bakwai a jere, ya haɗa tarkacen da aka bar masa, da wani tsohon kwatabak mai gemu, Ryan Fitzpatrick, ɗan shekara 37, suka ci biyar cikin wasa taran ƙarshe. Ranar 29 ga Disamba suka je har gida suka doke New England ta Tom Brady da 27 da 24. Maimakon zaɓi na ɗaya suka koma na biyar, kodayake sun samu Tua ɗin duk da haka, saboda raunin ƙugu da ya ji ya rage masa farashi.

Flores ya ci wasa 10 a 2020, ya ci 9 a 2021, aka kore shi a Janairun 2022. Ranar 1 ga Fabrairu ya shigar da ƙara, wadda jigonta nuna wariya ne ga kociyoyi baƙar fata, amma a ciki ya yi zargin cewa mai ƙungiyar, Stephen Ross, ya yi masa tayin dala dubu 100 kan duk wasan da aka doke su a 2019. Ross ya musanta. NFL ta sa tsohuwar mai gabatar da ƙara Mary Jo White ta bincika, sakamakon ya fito a watan Agusta: ƙungiyar ba ta faɗi da gangan ba, amma Ross ya sha faɗa cewa matsayinsu a zaɓe ya fi muhimmanci a kan yawan nasara, maganar kuɗin kuma an samu saɓani kan yadda aka furta ta, kuma ba da gaske aka yi ta ba. An ci Ross tarar dala miliyan ɗaya da rabi, an dakatar da shi zuwa Oktoba, amma kan wani laifi dabam, na zawarcin Brady da koci Sean Payton ta bayan fage. A shekarar nan ce dai aka dakatar da ɗan wasa Calvin Ridley kaka guda cur saboda ya yi caca kan wasannin gasar yana hutu, da sunan kare mutuncin wasa. Ban ce Ridley bai yi laifi ba. Amma gasar da ta ƙulla kasuwanci da kamfanonin caca tun 2021 ta san sarai wanne ya fi taɓa sakamakon wasa tsakanin fare na ɗan wasan da ba ya fili da burin mai biyan albashi. Idan an wanke Miami, Flores da yaransa ne suka wanke ta, da suka ƙi faɗuwa.

Wani lokacin kuwa abin kan sauko har gefen fili. Daren 3 ga Janairun 2021, Amurka duka na kallo, Eagles tana bin Washington da 17 da 14, sai koci Doug Pederson ya cire kwatabak Jalen Hurts ya saka Nate Sudfeld, wanda ya daɗe yana ɗumama benci. Nan take ya zubar da ƙwallo sau biyu, aka tashi 20 da 14. Eagles ta tashi daga zaɓi na tara zuwa na shida, New York Giants da ke jiran sakamakon ta rasa gurbinta a zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Pederson ya ce shi nasara ya nema, bayan kwana takwas aka kore shi. Abin haushin shi ne dabarar ta biya: ta hanyar cinikin wannan zaɓi Eagles ta samu DeVonta Smith, wanda ke cikin waɗanda suka ɗauki kofi tare da Hurts a Fabrairun 2025. Shi ya sa ba na yarda a kafa hujja kan cewa dabarar ba ta aiki. Wani lokaci tana yi.

Lovie Smith ya ɗanɗana ɓangarorin biyu. Ranar 28 ga Disamban 2014 yana kocin Tampa Bay, suna gaban New Orleans da 20 da 7 aka tafi hutun rabin lokaci, da aka dawo sai aka ga manyan 'yan wasansa a benci. Aka doke su 23 da 20, suka samu zaɓin farko, suka ɗauki Jameis Winston. Kaka ɗaya ya yi da yaron aka sallame shi. Shekara takwas bayan nan, ranar 8 ga Janairun 2023, ga shi kuma a wasan ƙarshe yana riƙe da Houston Texans, faɗuwa kawai ake buƙata a samu zaɓin farko. Saura ƙasa da minti guda, Indianapolis na gaba da maki bakwai, a damar ƙarshe kwatabak Davis Mills ya cilla ƙwallo sama ta ratsa hannun mai tsaron baya ta faɗa hannun Jordan Akins. Smith na iya neman maki ɗaya a yi kunnen doki. Ya nemi biyu, ya samu, aka tashi 32 da 31. 'Yan wasa suna tsalle, magoya baya da yawa a Houston suna zagi. Zaɓin farko ya koma Chicago, kuma a daren aka kori Smith.

Chicago ta sayar wa Carolina da zaɓin, ita kuma ta ɗauki Bryce Young, ta ci wasa biyu cikin 17. Houston da zaɓinta na biyu ta ɗauki C.J. Stroud, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasan hari na shekarar, ƙungiyar ta ci wasa 10 ta lashe rukuninta. A lokacin DeMeco Ryans ne koci.